Birkin Motar Gona

A bakin gareji, wata mata tana kallon bakanike yana tattaka birkin ƴar motarta ta shiga gona.

"Mama, sai ya taɓo ƙasa yake kamawa! Da wannan kike gangarowa daga tudu? Iska ce ta shiga. Wa ya taɓa shi?"

"Ni ce. Yadda maigidana yake yi."

Ya yi dariya. "Ke kaɗai? Ai aikin mutum biyu ne, ɗaya yana takawa, ɗaya yana sassauta noti."

"Na sani. Ni ce mai takawar. Kullum ina masa mita, ya yi sauri, tukunyata tana kan wuta."

"To, ki kira shi mana."

"Ya rasu."

Dariyar ta ɗauke.

"Allah ya jiƙansa. Hau ki taka, Mama. A hankali."