Rediyon Ƙarƙashin Tebur

A kasuwar Agadas, Ɗanliti mai haƙar zinariya ya tsaya gaban wani mai sayar da rediyo, motar zuwa mahaƙar Jado tana jiransa.

"Maigida, mai gajeren zango nake so."

"Gajeren zango? Kai, mutanen daji! Duniya ta koma nimerik, wato dijital. Ga wannan, murya garau."

"Kunna in ji."

Ya kunna. Shiru.

"Ai DAB ne, tsarin Turai. Tasharsa ba ta iso nan ba tukuna."

"Wancan fa?"

"DRM ne, wani tsarin daban. Kowanne da yarensa, wannan ba ya jin wancan."

Ɗanliti ya ja tsaki. "Su ma ba su fahimci juna ba, ni zan fahimce su? Wata shida zan yi cikin rami. In na fito, Hausa nake son ji, ko da shuuu ne, in san ko ruwa ya sauka garinmu."

Ana haka lokacin labarai ya yi. Mai kayan ya miƙa hannu ƙarƙashin tebur, ya murɗa wani tsohon rediyo mai gajeren zango ɗaure da roba. Murya ta fito raɗau.

"Wannan nawa?"

"Nawa ne. In na sayar maka, me zan saurara?"