Makullin Motar Kamfani a Hannun Luqman

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Shugaban wannan ƙungiya tamu ta Hausawa mazauna Riyadh, Alhaji Bashari, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Limaminmu, Malam Idrisu, Allah ya gafarta Malam. Dakta Jamilatu da sauran iyayenmu mata da ke jina ta lasifika a ɗaya sashen, ina gaishe ku da girmamawa. Likitoci da injiniyoyi na kujerun gaba, waɗanda ko tari za su yi da Turanci suke yinsa, barkanku da zuwa. 'Yan'uwana direbobi da magina da kuka zauna can baya, ba don kunya ba, sai don kusa da tiren shinkafa ne, ina gaishe ku. Mutanen unguwar Malaz, mutanen unguwar Badi'a, da duk wanda ya baro hutunsa na Juma'a ya zo, sannunku.

Ina godiya ga shugaba da ya ba ni abin magana. Sunana Sha'aban, ga wanda bai san ni ba, direban motar kai ruwan sha ne ni. Na san dalilin da ya sa ake kirana a kowane taro: a ba Sha'aban lasifika ya ba mutane dariya kafin a buɗe abinci. Ina ganin wasu sun fara murmushi tun ban ce komai ba. To ku yi haƙuri. Yau tsoro ne ya tsayar da ni a gabanku, kuma rabona da barcin kirki tun ranar Talata.

Maganar farko, in gaya muku abin da ke cikin gidajenmu da mu iyaye da baffanni ba mu kula da shi ba. Yayana, Malam Nu'uman, wanda ke zaune can gefen taga ya sunkuyar da kai, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ne a wani ƙaramin kamfani. Yana fita kafin rana ta fito, yana dawowa ta faɗi. 'Ya'yansa a nan aka haife su, Larabci ya fi zama a bakinsu fiye da Hausa. In zafi ya zo ba su da tsakar gida, ba su da ƙofar gida, ba su da dandali. Suna da falo da talabijin. A cikin talabijin ɗin akwai wani tsohon wasan barkwanci na Amurkawa da wata tasha ke maimaitawa kullum da yamma. Tsoho ne sosai, don wayarsu ma a bango take, da igiya. Gida ɗaya ne: uba, uwa, da 'ya'ya samari da 'yan mata, da firji kamar ɗakin kwanana.

Na zauna na kalli zango guda tare da su, tun daga farko har ƙarshe. Ni ba na jin Turanci, kun sani, makarantar allo kaɗai na yi. Fassarar Larabci da ke gudu a ƙasan allon nake karantawa, kuma da tajwidi nake karanta ta, kafin in gama jan madda rubutun ya wuce. Yaran su yi ta faɗuwa don dariya. Ƙaramar, Ruqayyah, ta ce, “Ya Ammi, ba Baƙara ba ce, ka yi sauri!” Na ce, “Baffa ake cewa, ja'ira, ba Ammi ba.”

Wannan zangon, na babban ɗan gidan ne da ya kai munzalin son tuƙi. Wata rana ya ɗauki makullin ubansa ba izini, ya kwashi abokansa, ya je ya daki katangar maƙwabci. Ya dawo gida, ya ajiye makulli a tebur, ya ɗaga kafaɗa, ya faɗi wata magana, sai dariya ta ɓarke. Ba 'yan gidan ke dariyar ba, wasu mutane ne da ba a gani, kullum suna nan, kowa ya yi magana su ƙyalƙyale. Daga nan yaron ya hau bene ya zauna a bakin gado. Can sai ga uban ya hau, ya zauna kusa da shi, aka saki kiɗa mai sanyi, ya ce masa mota ƙarfe ce, kai kuwa ɗana ne. Suka rungume juna. Kashi na gaba, ga mota nan sabuwa fil, ga katanga a tsaye, ba wanda ya sake tayar da maganar.

Jama'a, ku riƙe wannan: a gidan nan na talabijin, laifi ba ya kwana. Motar ta uban ce, gidan na uban ne, ƙasar ta uban ce, ba wanda zai ce masa ya tattara ya fita.

Magana ta biyu, abin da ya faru ranar Talata. Yayana ya dawo cin abincin rana, abin da bai saba yi ba, ya kishingiɗa. Luqman, babban ɗansa, mai shekara goma sha shida, yaron da ba a taɓa kawo ƙararsa ba, yaron da ke jan ƙannensa salla, ya zare makullin motar kamfani daga aljihun rigar aikin ubansa. Ya ɗauki abokansa, suka zaga layukan Badi'a. A wata kwana ya goge motar wani dattijo Balarabe, ya tsaya a jikin bango. Alhamdu lillahi, ba wanda ya ji ko ƙwarzane. Dattijon ma ya san gidan, ya ce a yi sulhu, a gyara masa kawai.

Amma motar kamfani ba ta ɓuya. A jikinta an rubuta sunan kamfanin da manyan baƙaƙe, a ƙasa kuma ga lambar waya. Wani mai wucewa ya kira lambar. Kun san wayar wa ta yi ƙara? Wayar kafil, mai kamfanin. Mutumin da iƙamar Yayana, wato takardar izinin zamansa, ke hannunsa, da ta matarsa Bilƙisu, da ta yaran duka, don kowa a ƙarƙashin ta uban yake.

Ina falon lokacin da kafil ya iso, don an kira ni na baro aiki. Mutum ne mai shekaru, bai taɓa wulaƙanta Yayana ba tsawon zamansu, wannan shaida ce da zan bayar ko'ina. Ya shigo ransa a ɓace, amma irin ɓacin ran da ake iya lallashi. Yayana ya ƙwala wa Luqman kira. Ni kuwa a raina ina cewa, to yaro, ka durƙusa irin namu, ko ka sumbaci kan dattijo irin nasu, duk biyun ka iya, duk biyun an koya maka.

Luqman ya fito. Amma da tsoro ya kama shi, ba namu ne ya fito daga jikinsa ba, ba na Larabawa ba, na akwatin talabijin ɗin nan ne ya fito. Ya tsaya ƙerere, ya sa hannu a aljihu, ya kalli kafil ido cikin ido, ya ɗaga kafaɗa, ya yi ɗan murmushi, ya ce da Larabci, “Aƙalla dai birki yana aiki, bangon ne shaida.”

Ya ɗan dakata, irin dakatawar da suke yi a wasan. Jama'a, ni sana'ata ta biyu ba da dariya ce, na san wannan dakatawar, na san mai jiran dariya in na gan shi. Yaron nan jira yake falo ya ɓarke. Ba abin da ake ji sai ƙarar na'urar sanyi. Na ga lokacin da murmushin ya mutu a fuskarsa, na ga lokacin da ya gane babu kowa a bayan bango. Ban taɓa jin shiru mai ban tsoro irin wannan ba.

Kafil ya juya ga Yayana ya ce, “Nu'uman, mota ana gyarawa. Amma gidan da yaro ke yi mini dariya bayan ya fasa motata, ban san ko zan ci gaba da ɗaukar nauyinsa ba. Ranar Lahadi zan yanke.” Ya fita.

Kowa a nan ya san abin da ake yankewa ranar Lahadi. Huruj niha'i, fita ba dawowa. Yanzu ba sai an je ofis ba, a waya ake latsawa da yatsa ɗaya. Duk mun taɓa raka wani Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid da akwatunan da aka ɗaure cikin gaggawa. Komawa gida ba abin kunya ba ne, dukanmu can za mu, in sha Allahu. Amma akwai bambanci tsakanin wanda ya shirya ya koma da wanda aka cire a tsakiyar shekarar karatu. Ina tsoro saboda Ruqayyah, da ba ta iya sayen ko tumatir da Hausa ba. Ina tsoro saboda Yayana, da ya ba garin nan ƙuruciyarsa yana hawa rufin gidaje cikin rana. Amma tsorona mafi girma saboda Luqman ne, da zai sauka a Kano kowa a dangi yana nuna shi: ga wanda ya jawo.

Magana ta uku roƙo ce, kuma kashi biyu ce. Kafil yana zama a majalisinsa gobe Asabar bayan la'asar, ƙofa a buɗe. In Yayana ya je shi kaɗai, ma'aikaci ne ya je. In ni na je, to, kun san fuskata, ko gaisuwar mutuwa na je sai a zaci wasa na zo. Amma in dattawa suka je, da furfura da manyan riguna, da limami mai Larabcin littafi, da likita mai Larabcin asibiti, suka sa yaron a gaba ya sumbaci kan mutumin nan, suka ce ɗanmu ne, ba raini ba ne, tsoro ne da rashin sani, to mutanen nan suna jin nauyin baƙon da ya taka har majalisinsu ya ƙi shan gahawa sai an ji buƙatarsa. Ba kuɗi nake roƙo ba. Ƙafafunku nake roƙo, da fuskokinku, da la'asar ɗinku ta gobe.

Wanda zai je, don Allah ya miƙe in gan shi.

Alhaji Bashari ya miƙe, Allah ya saka da alheri. Malam ya miƙe. Ga injiniya can, ga wani. Na ji Dakta ta aiko cewa maigidanta zai je. 'Yan baya, ku zauna, ba a ce a cika wa mutum gida ba, ku dai ku yi addu'a.

Kashi na biyu naka ne, Yaya. Ka yafe mini da na faɗa a bainar jama'a, a gida na gwada ka ce in rufe baki. Tun ranar Talata ba ka yi wa yaron nan magana ba. Ba ka dake shi ba, ba ka zage shi ba, ko kallonsa ba ka yi ba. Shi kuwa kullum yana zaune a bakin gado, in ya ji motsin ƙofa sai ya ɗago. Jiya ya ce mini, “Ammi, yaushe zai shigo?” Na ce, “Wa?” Ya ce, “Baba. Ai shigowa ake yi.”

Wasan nan ya yi wa yaranmu ƙarya da yawa. Ya ce musu mota tana gyara kanta, ya ce musu kowane laifi yana da masu dariya a bayan bango. Amma abu ɗaya ban iya ƙaryata shi ba: uban yana tashi ya je. Ban ce ka rungume shi ba, Yaya, na san ka, ko ni da muka sha nono ɗaya hannu kake miƙo mini daga nesa. Ba a buƙatar kiɗa. Ka yi masa faɗa in faɗa ne, ka gaya masa motar wa ce, gidan wa ne, ƙasar wa ce, ka koya masa abin da zai faɗa gobe. Ba zai iya tsayawa gaban kafil ba alhali ubansa ma bai dube shi ba. In ba daga bakinka ya ji ba, akwatin nan ne zai sake yi masa magana.

Na zo da Luqman. Yana waje, cikin motata, ya kasa shigowa. Kada hankalin kowa ya tashi, ga makullin nan a aljihuna.

A ba shi hanya, jama'a. Ku janye kujerar nan, Malam Nu'uman zai wuce. Farar motar ce, Yaya, ta kusa da ƙofa.

Allah ya sanyaya zuciyar wanda za mu je wurinsa gobe. Allah ya sa a bakin dattawanmu abin da zai karɓa. Allah ya shirya mana 'ya'yanmu, ya sa muryarmu ta riga kowace murya isa kunnensu. Allah ya tsare mana zamanmu a garin mutane, ya mai da mu gida ranar da muka shirya, da ƙafarmu da mutuncinmu. Allah ya saka wa kowa da ya zo, ya mai da kowa masaukinsa lafiya.

A dakata da buɗe shinkafar nan har su shigo tare.

Na gode.