Gudun Gidaɗo da Jarkokin Mai

A tashar Bagudo jirgi mai saukar ungulu ya gifta ta sama. Gidaɗo ɗan kabu-kabu ya taɓe baki, ya dubi wani baƙo mai jiran mota.

"Wanga? Babur ɗina ya hi shi gudu."

"Matuƙa jirgi ba da baki suke kafa tarihin gudu ba," in ji baƙon. "Sai an auna nauyin jirgi, kowa da ajinsa. Ya tahi ya dawo, kada iska ta taimake shi, kuma gaban shaidu."

"Nauyi? Jarka takwas ta mai na ɗauka zuwa iyakar Benin, jami'an kwastan sunka biyo ni, ƙurata kaɗai sunka shaƙa."

"Madalla, ajinka ya hito. Shaida kuma ga ni, ni na tuƙa motar da ta bi ka. Tashi mu tahi ofis a rubuta maka tarihin."