Ƙusa a Takalmin Maigida

A bakin titin unguwar Briqueterie, ina jiran a ɗinke mini silifas, wata mata ta ajiye wa mai gyaran takalmi baƙin sau-ciki.

"Baba, ƙusoshi nake so ka jera mini a ƙasansa."

"Dawaki ake yi wa haka, Hajiya."

"Golf zan buga a filin Mont Fébé. Gobe za a zaɓi matan da za su je gasar ƙasashe, kuma ba a hawa ciyawar sai da takalmi mai ƙusa."

"Golf? Wannan da Turawa ke dukan ƙwai da sanda, su bi shi har dawa suna nema? Masha Allah. An samu 'yanci, saura ƙwai."

"Da maza ne za su je, da tuni ka ce ƙasa ta ci gaba."

"Haba, ni wa? A ina kika koya?"

"Wajen Madam da nake wa raino. Ita tana da sanduna, ni ina da hannu. Duk matar da ta yi daka a turmi, wannan hutu ne a wurinta."

Ya juya takalmin, ya dubi ƙafarta.

"Wannan ai na namiji ne."

"Na maigidana ne. Zan cusa tsumma. Na ce ya saya mini nawa, ya ce matar aure ba ta bin ƙwallo."

"Ya san kin ɗauko?"

"Zai sani ran Juma'a, in ya tashi tafiya masallaci."

Tsohon ya ɗauki guduma, ya zuba ƙusoshi a tafin hannu.

"To tsinin fa, Hajiya, waje zai duba ko ciki?"