Hamirar Hadil

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban taro Haj Labaran, liman Malam Mika'ilu, iyayenmu mata na unguwar Hajj Yusuf, da wakilin lajna, wato kwamitin hukuma, da ya ba mu izinin taruwa, yake kuma rubuta abin da nake faɗa: rubuta a hankali, ɗana, ni ma a hankali na yi karatu, a aji huɗu na tsaya.

Na gode da kuka zo taya 'yata Hadil murnar digirinta na biyu. Ni ma da hannuna a ciki, domin ni na shanye kashin farko. Na dawo daga gareji da ƙishirwa, na buɗe talaja, wato firij, na ga kwalba mai kama da kunu, na ɗaga. Ashe ƙullun kisra ne, gurasar nan tamu mai tsami, da ta bi gidajen birnin Omdurman tana roƙo, don ta binciki hamira, wato yistin da ke tsamar da shi. Ta ce, "Yaba, ka shanye aikin wata uku!" Na ce, "Wallahi ko sukari babu."

Ranar ta zaunar da ni. Ta ce a cikin ƙwayar hamira akwai rubutun gado, a cikin rubutun kuma akwai layukan da ke maimaita kansu, akwai waɗanda ba sa zama wuri ɗaya: su kwafi kansu, kwafin ya tashi ya sauka wani wuri. Na ce ai danginmu ne. Kakana ya baro Katsina zai tafi hajji, ya sauka a gonar auduga a yankin Jazira. Ubana ya taso ya sauka nan.

Yanzu ita ce za ta tashi zuwa ƙasar waje, domin a ɗakin bincikensu kahraba, wutar lantarki, tana zuwa ne kamar baƙuwa, kayan aiki kuwa sai labari. Jama'a, hamira ta fi ni sa'a. Nata in ya tashi, yana barin na asali a gida. Ni wa za a bar mini? Wa zai gyara mini Larabci? Wa zai ƙi yin dariya in na yi wasa?

Allah Ya tsare 'ya'yanku, na kusa da na nesa. Allah Ya buɗa mata hanya.

Saura abu guda. Kun san matafiyi ba ya fita sai uba ya ce ya yafe masa. Tun Azumi take roƙona, ina kaucewa da barkwanci. Hadil, jirginki sai Juma'a. Bar ni da kalmar nan zuwa Juma'a.

Na gode.