Akuyar Ƙugu

Iheanyi: Halo? Yaya Uloma? Kina ji na?

Uloma: Wa ke magana? Kai! Iheanyi! Mutanen Gabon! Yaushe a gari?

Iheanyi: Shekaranjiya. Ina wuni, Yaya? Ya Owerri, ya maigidan, ya yaran?

Uloma: Lafiya lau. Shekara bakwai, sai yau ka tuna kana da yaya. Ya gajiyar hanya? Ya ka iske Mama?

Iheanyi: Tana nan da ƙarfinta, sai ɗura min sakwara take. Wai na bushe kamar bandar kifi.

Uloma: Ba ta yi ƙarya ba, na ga hotonka. Mata fa? Ko ka ɓoye mana wata a can?

Iheanyi: Haba Yaya, bari in huta. Garin ma ban gane shi ba. Makaranta cike da yara har kan taga, sa'o'ina kuwa ko ɗaya ban samu ba, kowa ya gudu neman abinci. Na kasa zama, sai zagaye gida nake. Af, wai wata akuya na gani bayan kicin, ƙatuwa, har da jan ƙyalle a wuya. Na ce tawa ce ta barka da zuwa, Mama ta kusa kwaɗa min muciya.

Uloma: Kar ka taɓa ta! Benedict ne ya saya, ya kai wa Mama kiwo.

Iheanyi: Mijinki? Malamin katikis ya koma kiwo ke nan?

Uloma: Ta goma ce.

Iheanyi: Ta gona? Wace gonar?

Uloma: Goma! Goma na ce! Akuyar ƙugu.

Iheanyi: Wadda ake yanka wa mace in ta yi haihuwa goma? Ashe har yanzu ana yi? Tsaya. Na bar ki da shida, Mama ta ce yanzu tara.

Uloma: To, ai ka iya lissafi.

Iheanyi: Yaya, ba ke kika gaya min a waya ba, wajen haihuwar autarki, sai da aka ƙara miki jini leda huɗu? Likita bai ce kar ki sake ba?

Uloma: Ya faɗa. Har takarda ya kawo a sa hannu a ɗaure mahaifa. Benedict ya ce shi mai koya wa mutane dokar coci, da wane ido zai kalli Fadan cocinsu? Sai ƙirgen kwanaki muke yi, yadda ake koya mana a taron mata.

Iheanyi: Ƙirgen da ya haifo uku a bayana!

Uloma: Kar ka yi min saɓo a kunne. 'Ya'ya kyautar Ubangiji ne.

Iheanyi: Ban musa ba. Amma babbar 'yarki fa, ba ta bar makaranta tana tallar ayaba ba? Ni me ya kore ni Gabon? Mu takwas a kan gona ɗaya, rabona ko rogo ba...

Uloma: Halo? Kana yankewa.

Iheanyi: Bari in hau kan bulo. Yanzu fa?

Uloma: Yauwa.

Iheanyi: Yaya, saurara. Ai kin riga kin cika goman! Haihuwa ake ƙirgawa, ba masu rai ba. Yaron nan da ya zo bayan na ukun, wanda ya kwana biyu ya koma. Ni na ɗauki ɗan akwatin, muka binne shi gindin ayaba. Da shi goma cif! Gobe a yanka akuyar, mata su ɗaura miki zane su yi rawarsu, shi ke nan, ba sai kin...

Uloma: Ba a sa shi.

Iheanyi: Kamar yaya?

Uloma: Bai samu baftisma ba. Shugabar mata ta ce wanda ba shi da suna a littafin coci ba a ƙirga shi. Mama ma ba ta taɓa ambatonsa ba.

Iheanyi: Yanzun nan zan je gidan shugabar, in ta kama in nuna mata kabarin...

Uloma: Iheanyi, ka makara. Ina da ciki, wata biyar.

Iheanyi: Yesu! Biyar?

Uloma: Yi a hankali, kar Mama ta ji abin da zan gaya maka. Tun safe nake ganin jini.

Iheanyi: Jini? Kina zaune kina tambayata mata? Ina Benedict?

Uloma: Yana coci, ajin masu shirin aure. Wayarsa a kashe. Ba yawa ba ne, na sha ruwan albarka, na kwanta.

Iheanyi: Zane nawa kika canza?

Uloma: Uku.

Iheanyi: Tashi! Ki buga wa maƙwabciyarki ƙofa ta tsayar da keke napep, ku tafi babban asibiti. Ga ni nan, acaɓa zan hau zuwa titi. Ina takalmina? Mama, matsa min! A'a, ba akuyar zan taɓa ba!

Uloma: Kar ka gaya mata, ta riga ta raba wa mata anko.

Iheanyi: Kin tashi? Ce min kin tashi!

Uloma: Na tashi. Jiri nake ji, ina riƙe da bango. Iheanyi?

Iheanyi: Ina ji, kar ki daina magana.

Uloma: Yaron da ka binne, yana da suna. Ni na sa masa a raina, ko Benedict bai sani ba. Ozioma. In ka zo ka tarar ba na iya magana, ka gaya musu goma ne. Ka ce tun tuni...

Iheanyi: Ke za ki gaya musu da bakinki! Kin kai ƙofar? Yaya? Halo? Yaya Uloma!