Malamin Doka a Gaban Layi

A tashar mota da safe, wani mai jakar takardu ya kutsa gaban layi. Dattijuwar da ya tsallake ta ja hannun rigarsa.

"Ɗana, mu itatuwa ne aka dasa a nan?"

"Yi haƙuri, Inna. A jami'a nake koyarwa, ɗalibai ɗari biyu na jirana ƙarfe takwas."

"Me kake koya musu?"

Ya sosa ƙeya. "Doka da zaman jama'a. Darasin yau, abin da ke sa mutane bin ƙa'ida ko babu ɗan sanda."

Layi ya kwashe da dariya, har da shi.

"To, Inna, ba ni izini in shiga gabanki."

"Mutum tara da ke bayana fa, ka tambaye su? Wurina kaɗai na mallaka. Ungo shi, ni in koma baya."

Ya zaro biro yana rubutu a tafin hannunsa.

"Shekara goma ina neman misalin da zai shiga kansu!"

"Shiga mota, Malam. Amma ka gaya musu wanda ya tsallake layin."